Bayan Ceton Rai, Sai Koyon Haɗiya, Tafiya da Magana

 Sharhin namu na yau ya leƙa wani ɓangare ne na aikin asibiti da ba a cika ba da labarinsa ba: kwantar da wanda ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni a sashe na musamman, a yi makonni ko watanni ana sake koya masa abubuwan da ya iya tun yana yaro.

Ranar 8 ga Janairun 2011, a birnin Tucson na jihar Arizona a Amurka, wani ɗan bindiga ya buɗe wuta a ƙofar wani kanti inda 'yar majalisar wakilai Gabrielle Giffords take ganawa da mutanen mazaɓarta. Mutum 6 suka rasu. Ita kuwa harsashi ya ratsa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarta. Likitocin tiyata suka cire wani yanki na ƙoƙon kanta don ƙwaƙwalwar da ke kumbura ta samu sarari, Allah ya yi da sauran kwana. Nan labarin ya fi amo a jaridu. Amma kwana 18 bayan harbin sai aka mayar da ita asibitin TIRR Memorial Hermann da ke Houston, wanda aikinsa shi ne farfaɗo da masu raunin ƙwaƙwalwa da na laka, ba ta kuma fito ba sai tsakiyar watan Yuni.

Ta shiga asibitin ne ɓarin jikinta na dama ya yi nauyi, magana kuma ta ɗauke. Ta san abin da take son faɗa, amma kalmar ba ta zuwa bakinta. Akwai lokacin da kusan duk abin da aka tambaye ta, abin da ke fitowa shi ne "kaza, kaza". Sai masu jinyarta suka lura cewa in an ɗauko waƙar da ta sani tun da, kalmomin waƙar suna fita daram. Suka kama wannan hanya, suna ɗora gajerun jimloli a kan sautin waƙa, daga baya su janye sautin a hankali. Ranar 1 ga Agustan shekarar ta taka da ƙafarta ta shiga zauren majalisa ta kaɗa ƙuri'a, 'yan majalisa suka miƙe tsaye suna tafi.

Kada a ɗauka ta koma yadda take. A Janairun 2012 ta ajiye kujerarta, hannun dama bai dawo aiki ba, maganarta kuma har yau gutsi-gutsi take fita. Abin da watannin nan suka saya mata shi ne ta yi tafiya, ta bayyana buƙatarta, ta tsaya gaban jama'a ta yi jawabi. Irin wannan jinya ba ta yi wa kowa alkawarin komawa sabo. Abin da take nema shi ne mutum ya rage dogaro da wani gwargwadon yadda rauninsa ya bari.

Ba sai da harsashi ake samun wannan rauni ba. Ana nufin duk wata illa da ta samu ƙwaƙwalwa bayan an haifi mutum lafiya: buguwar kai a hatsarin mota ko babur, faɗowa daga gini ko bishiya, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, nutsewa a ruwa har iska ta yanke wa ƙwaƙwalwa, da kuma babbansu, shanyewar ɓarin jiki. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, aka wallafa a 2018, ya nuna hawan jini ne ke bayan kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar jiki a yankin. Na babur kuwa ba sai an tuna wa kowa ba, daga acaɓar Najeriya har kabu-kabun Nijar. Masu shekaru za su tuna watan Janairun 2009, lokacin da aka fara tilasta sa hular kwano, wasu 'yan acaɓa a Kano suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'an kiyaye haɗurra. An yi dariya, amma ƙwarya ba ta tare kwalta.

A ɗakin agajin gaggawa, likita yana auna zurfin suman wanda ya bugu da wani ma'auni da Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a Glasgow a 1974. Ana duba buɗe ido, magana da motsi, a ba da maki daga 3 zuwa 15. Daga 8 zuwa ƙasa rauni ne mai tsanani. Aikin sashen farfaɗowa yana somawa ne daga inda wannan lissafi ya tsaya, lokacin da numfashi ya daidaita, jini ya sauka, 'yan uwa suka fara cewa jiki da sauƙi.

Abu na farko da ake dubawa shi ne haɗiya. Kusan rabin waɗanda jikinsu ya shanye suna samun matsalarta a kwanakin farko, wasu kuma ba sa ko tari in abu ya bi ta hanyar iska. Uwa ko mata ta zo da kofi cikin tausayi, ta ɗaga kan majinyaci tana cewa "Malam, daure ka sha ko kaɗan ne", ruwan ya zarce huhu ba wanda ya sani, bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi. Ciwon huhun da ke biyo baya yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu shanyewar jiki bayan sun tsallake kwanakin farko. Shi ya sa a sashen da ya san aikinsa ba a ba majinyaci komai ta baki sai an gwada haɗiyarsa, a zaune, da cokali, kaɗan-kaɗan. Sau da yawa ruwa zalla ya fi kunu mai ɗan kauri haɗari, don ya fi saurin gangarawa. Wanda ya kasa, a sa masa roba ta hanci kafin maƙogwaro ya dawo.

Sai juyi. Wanda ba ya iya motsa kansa, in aka bar shi a ɓari ɗaya, fatar ƙugu da ta diddige tana mutuwa ta zama gyambo, gyambon kuma yana iya cin watanni. Ana juya shi kamar bayan kowace awa biyu, dare da rana, a tokare hannun da ya shanye da filo, a riƙa miƙar da gaɓoɓi don kada su ƙandare. Akwai wani kuskure da kusan kowane mai jinya ke yi da kyakkyawar niyya: kama hannun da ya mutu a ja don a tayar da majinyaci zaune. Tsokar da ke riƙe kafaɗar ta saki, jan yana iya goce ta, ciwon da zai biyo baya kuma ya hana shi yin atisaye gaba ɗaya.

Wanda ya farfaɗo daga doguwar suma bayan buguwar kai ba ya tashi tangaram kamar a fim. Yakan ratsa wani zango na ruɗewa: ya fizge robar fitsari, ya zagi mahaifiyarsa, ya kai wa nas duka, ya nemi dirowa daga gado, ya manta abin da aka gaya masa minti biyar da suka wuce. Asibitin Rancho Los Amigos da ke kusa da Los Angeles ya tsara matakan farfaɗowa tun shekarun 1970, wannan kuwa shi ne mataki na huɗu, kuma ƙwararru suna ganinsa a matsayin ci gaba daga suma. Abin da ake yi masa shi ne ɗaki mai shiru, gado mai ƙasa-ƙasa, fuskokin da ya saba gani, da gajerun jimloli. Ɗaure shi da igiya ko dulmuya shi da allurar barci sai in ba makawa, don suna iya ja da shi baya. A nan al'adarmu ta dubiya, duk da ladan da ke cikinta, tana iya zama nauyi. Mutum goma sha su kewaye gado, kowa na sunkuyowa yana tambaya, "Ka gane ni? Wane ne ni?" Ƙwaƙwalwar da ke fama da gane inda take ba za ta ɗauki wannan jarrabawa ba. Mutum biyu a lokaci guda, kowa ya faɗi sunansa da kansa, ya fi amfani.

Daga nan sai ainihin aikin, kuma aiki ne na gaske. A Amurka, asibitin farfaɗowa da ke karɓar kuɗin inshorar gwamnati ta tsofaffi ana sa ran zai ba majinyaci aƙalla awa 3 na horo a rana, kwana 5 a mako. A 2023 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ita ma ta ɗaga nata mizanin zuwa haka ga masu shanyewar jiki. Jama'a da dama in an ce an tura mutum gashi, abin da suke sa rai shi ne fitila mai zafi da tausa, shi yana kwance ana yi masa. Alhali hannun da ya shanye lafiyarsa ƙalau. Saƙon da ke zuwa masa daga ka ne ya yanke. Mai gashin da ya san aiki zai sa majinyacin ne ya yi da kansa: "Baba, matso bakin gado. Dafa nan. Tashi. Zauna. Sake tashi." Sau goma, sau talatin, gobe ma haka.

Dalili kuwa shi ne ƙwaƙwalwa tana iya sake shimfiɗa hanyoyinta. In gada ta karye da damina, direbobi sukan ratsa ta gefen gona. Motar farko da ƙyar take fita, amma in aka yi ta bi sai wurin ya daddale ya zama hanya, in kuma aka daina bi ciyawa ta rufe shi. Sassan ƙwaƙwalwa da suka tsira haka suke karɓar aikin waɗanda suka mutu, kuma sun fi saurin yi a watanni ukun farko. Wani masani Ba'amurke, Edward Taub, ya nuna cewa mai raunin hannu yakan koyi yin watsi da shi tun da lafiyayyen ya fi sauƙi. Daga nan aka samo dabarar sa wa lafiyayyen hannu safa mai kauri mafi yawan yini, a tilasta wa mai raunin ɗaukar kofi, juya mabuɗi, ɓalle maɓalli. A wani gwaji da aka wallafa a 2006 kan mutum 222, mako biyu na wannan horo ya kawo ci gaban da aka tarar yana nan bayan shekara. Sai dai dabarar ta masu ɗan sauran motsi ce a wuyan hannu da yatsu, ba ta kowa ba.

Duk da haka, zafin nema ba ya kawo samu. Wani gwaji mai suna AVERT da masana daga Ostireliya suka jagoranta a ƙasashe 5, kan majinyata 2,104, ya jarraba tayar da mutum daga gado da yawa tun cikin awa 24 na farko. Da sakamako ya fito a 2015, kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka gaggauta ne suka samu kyakkyawan sauƙi bayan wata uku, na ɗaya rukunin kuwa kashi 50. Wato sanin yaushe za a fara da kuma nawa za a yi, shi kansa ƙwarewa ce.

Horon kuma dole ya dace da rayuwar da mutum zai koma. Bature yana koyon shiga bahon wanka da hawa bene. Majinyacin Funtuwa ko Maraɗi buƙatarsa ita ce ya sauka kan tabarma ya tashi, ya tsuguna a bayan gida, ya riƙe buta ya yi alwala, ya yi ruku'u ba tare da ya kife ba, ya kai loma baki. Uwargida tana so ta ɗaura zane da hannu ɗaya, ta tsaya gaban murhu ba ta ƙone ba. Akwai ma'aikacin da wannan ne fanninsa, koyar da ayyukan yau da kullum, kuma shi da mai gyaran magana su ne suka fi ƙaranci a asibitocinmu. Gyaran magana ma sai da harshen majinyaci. Ba a farfaɗo da Hausar dattijo da katunan Turanci. Abin da ke ba iyali mamaki shi ne mutumin da ya kasa kiran sunan matarsa ya karanto Fatiha tiryan-tiryan, ko ya ƙirga daga ɗaya zuwa goma. Abin da aka haddace aka maimaita shekara da shekaru yakan tsira, kuma mai gyaran magana daga nan yake kama bakin zaren.

Akwai raunin da ido ba ya gani, shi ne kuma ya fi raba aure da zumunci. Wanda ɓangaren dama na ƙwaƙwalwarsa ya taɓu yana iya cinye rabin kwanon tuwo ya bar na hagu, ya ce abinci ya ƙare, ko ya yi ta karo da ƙofa ta wannan gefen, alhali idonsa lafiya. Wanda gaban kansa ya bugu yana iya zama mai saurin fushi, mai sakin baki, mai ɓarnar kuɗi, ko ya zauna shiru yini guda ba ya fara komai sai an ce ya yi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shanyewar jiki suna faɗawa ciwon damuwa. A gida sai a ce iska ce, ko sammu, ko kuma wulaƙanci ne kawai ya tsiro da shi. Sanannen misali a littattafan likitanci shi ne Phineas Gage, shugaban leburorin titin jirgin ƙasa a jihar Vermont, wanda sandar ƙarfe ta ratsa gaban kansa a 1848, ya rayu amma halinsa ya birkice har ya rasa aikinsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne daga baya ya yi shekaru yana tuƙa keken doki na fasinja a ƙasar Chile. Masanin da ya fi bin diddigin tarihinsa, Malcolm Macmillan, yana ganin tsayayyen tsarin aikin, kullum lokaci ɗaya, hanya ɗaya, shi ya taimaka masa ya daidaita. Sashen farfaɗowa na zamani ma da jadawalin da ba ya sauyawa yake aiki, a kuma zaunar da iyali a bayyana musu cewa wannan hali daga raunin yake.

To, ina muka kwana a nan gida? A mafi yawan asibitocinmu, mai shanyewar jiki yana kwance ne a ɗakin marasa lafiya na kowa da kowa, tsakanin mai ciwon suga da mai ciwon hanta. Mai gashi ya zagayo na ɗan lokaci. Da jini ya sauka, gado kuma ana jiransa, kuɗi sun ƙare, sai a ba da sallama da katin dawowa gashi sau ɗaya ko biyu a mako. Ɗauko babban mutum da ba ya tsayuwa, a sa shi a adaidaita-sahu, a biya zuwa da dawowa, a bar kasuwa ko gona yini guda: iyalai da yawa ba sa jurewa, sai a koma wa mai tausa na unguwa. Ba don babu masu ilimin ba ne. Jami'ar Ibadan tana koyar da digirin fannin gashi tun 1966, Jami'ar Bayero ma tana yaye su, sai dai ba su isa ba, da yawa kuma suna ficewa ƙasashen waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.4 a duniya suna da larurar da jinyar farfaɗowa za ta amfane su, kuma a wasu ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi fiye da rabin masu buƙata ba sa samu.

Amsar da ke saurin zuwa baki ita ce: tun da muna da dangi, a koya wa mai jinya ta yi a gida. An gwada. A Indiya, inda iyali ke ɗauke da jinya kamar mu, gwajin ATTEND ya ɗauki majinyata 1,250 a asibitoci 14, aka horar da 'yan uwan rabinsu tun a asibiti, aka kuma bi su gida. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna bayan wata shida kusan kashi 47 cikin 100 sun rasu ko suna dogare da wani, a rukunin da aka horar da wanda ba a horar ba duka. Mai jinya ginshiƙi ce, ita ke juyi da tsakar dare, ita ke lura da canjin numfashi, amma ba za ta maye gurbin tawagar ƙwararru ba, kuma ɗora mata wannan nauyi duka ba adalci ba ne.

Abin da aka tabbatar yana aiki ba na'ura ba ce mai tsada. Tun shekarun 1990, masana suka tattara gwaje-gwaje daga ƙasashe daban-daban suka ga cewa tara masu shanyewar jiki a sashe guda, ƙarƙashin ma'aikatan da wannan ne aikinsu, masu zama tare aƙalla sau ɗaya a mako su tattauna kowane majinyaci, yana rage mutuwa, yana kuma ƙara yawan waɗanda ke komawa gida suna yi wa kansu hidima. Gadaje ne 'yan kaɗan a wuri ɗaya, nas-nas da ba a yawan sauya su, da buri rubutacce ga kowane mutum: nan da Juma'a zai zauna minti goma ba tokari, nan da mako biyu zai kai kansa bayan gida da sanda. Asibitin koyarwa ko babban asibitin jiha zai iya ware wannan daga ɗakunan da yake da su.

Masu riƙe da baitulmali za su ce kwanciyar mako shida tsada gare ta. Wani nazari da Farfesa Lynne Turner-Stokes ta jagoranta a Ingila, aka wallafa a 2016 kan majinyata fiye da 5,000, ya gano cewa ga waɗanda suka fi dogaro da wasu, kuɗin hidimar da aka rage bayan sallama yana biyan kuɗin kwanciyar cikin kimanin wata 14. A nan gida wannan asara ba ta fitowa a kasafin gwamnati, shi ya sa ba a ganinta. Tana fitowa ne a 'yar da aka cire daga makaranta don ta zauna da mahaifinta, da shagon da aka rufe, da gonar da aka sayar. A 2022 Najeriya ta yi sabuwar dokar inshorar lafiya da ta wajabta shiga tsarin, a Mayun 2023 kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko kan jinyar farfaɗowa, yana kiran ƙasashe su sa ta cikin tsarin lafiyarsu da kasafinsu. Abin da ya kamata 'yan majalisa da hukumomin inshora na jihohi su amsa shi ne kwana nawa na irin wannan kwanciya tsarin zai biya.

Kafin nan akwai abin da kowane asibiti zai iya farawa. Rajistar ɗakin marasa lafiya tana rubuta wanda ya rasu da wanda aka sallama, amma ba ta rubuta halin da aka sallame shi a ciki. Akwai wata takardar awo mai suna Barthel da ake amfani da ita tun 1965, mai tambayoyi 10 kacal: yana ci da kansa, yana wanka, yana sa tufafi, yana riƙe fitsari da bayan gida, yana sauka daga gado zuwa kujera, yana tafiya, da makamantansu. Nas ko mai gashi zai cike ta cikin 'yan mintuna da biro. In aka cike ta ranar kwanciya, da ranar sallama, da kuma bayan wata uku, shugaban asibiti zai samu alƙaluman da zai kai wa kwamishinan lafiya lokacin da zai nemi gadaje da ma'aikatan wannan sashe.